Gwangwanin Baffa Shitu

Guangzhou, 9 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Inna Hindu da mutanen gareji baki ɗaya. Ya ƙafar? Inna ta gaya mini a waya har yanzu kai ke sauka ramin gyaran mota da kanka, ka hana kowa. Don Allah ka rage. Ni lafiyata ƙalau, sai damshin garin nan. Wannan watan har bango gumi yake yi, in ka shanya riga sai ta kwana uku ba ta bushe ba.

Tunda kunnenka ya ƙi waya, Hajiya Saude ta ce duk zuwan da za ta yi sarin kaya a kasuwar Canaan ta garin nan za ta riƙa kai mana takarda tana kawowa. Allah ya saka mata.

Baffa, wata matsala ce ta sha mini kai, kuma ban san wanda zan kai wa ba sai kai. Motar tseren da nake kula da injinta ƙarama ce, amma an ɗaura mata turbo. A watan Nuwamba za ta shiga tseren awa takwas, ba tsayawa sai shan mai da canjin direba. Ka tuna abin da kake ce wa numfashin inji, hayaƙin nan da ke sulalewa ta gefen ringi ya sauka cikin tukunyar baƙin mai? To turbo tana cusa wa injin iska da ƙarfi, numfashin ya ninka, ya kwaso feshin mai ya fito da shi ta tiyo. Dokar tsere ta hana ko ɗigo ya zuba a titi, saboda haka ake tara shi a gwangwani. Namu lita biyu yake ci, amma kafin awa huɗu ya cika ya fara amai. Bara haka aka ɗaga mana tuta aka fitar da mu a tsakiyar tsere, muna ji muna gani.

Na sa ƙaramin tiyo daga gindin gwangwanin ya koma jikin inji don man ya riƙa komawa gida. Wallahi sai abin ya ƙara lalacewa. Ga zanen yadda na haɗa komai a bayan takardar nan, ka duba mini.

Akwai kuma wata magana. Mai motar, wanda muke kira Laoban, wato maigida, ya ce in motar ta gama awa takwas ɗin nan zai ƙara mini shekara uku, ya kuma damƙa mini injinan motocinsa duka. In ba ta gama ba, aikina ya ƙare, sai gida. Ban manta na yi maka alkawarin shekara biyu kawai ba, kuma sun kusa cika. Ban san abin da nake so ba, Baffa. Ina son motar ta gama, ina kuma son in gan ni a bencin gareji muna shan shayi. Kewarka ta dame ni.

Ɗanka,
Umar Faruƙ

Kano, 14 ga Afrilu

Faruƙu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Ƙafa da sauƙi. Innarka kuma ta cika kai ƙara, ramin da na haƙa da hannuna tun ba a haife ka ba shi za a hana ni shiga? Zafi ake yi a nan na fitar hankali, sifana in ta kwana a rana ba ta taɓuwa. Ka aiko mana da gumin bangon naku ko kwalba ɗaya ce.

Labarin gareji: darbejiyar bakin ƙofa ta yi reshe har kan rumfa, na ce kada a sare sai ka zo ka gani. Mai shayin kusa da mu ya aurar da 'yarsa, ya tambaye ka. An kawo mini wata tsohuwar akori-kura mai cin mai kamar rijiya, na ɗora tafina a bakin zuba mai na ji numfashinta, na ce wa mai ita ringi ne. Ya yi musu, ya kai ta wurin masu kwamfuta, suka wana shi kwana biyu suka ce ringi ne. Ya dawo yana sosa ƙeya. Kunne ya tafi amma tafin hannu yana nan.

Rigar aikinka tana rataye a ƙusar da ka bar ta. Ba wanda ya isa ya taɓa.

Maganar motarka kuwa, ni me na sani game da motar tsere? Tsohon bakanike ne ni, na manyan motoci da janareto. Kai da kake cikin injiniyoyin China masu na'ura, ai ka wuce sanina yanzu. Ka tambaye su.

Hajiya Saude ta ce wannan zuwan za ta leƙa babbar kasuwar baje koli ta Pazhou, ka taimaka mata da yaren mutanen. Innarka ta ba ta kuka da daddawa da yaji ta kawo maka. Ka riƙe salla. Nuwamba ba nisa.

Baffanka,
Shitu

Guangzhou, 20 ga Mayu

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ina fatan zafi ya sassauta. Saƙon Inna ya iso, ranar na kaɗa miyar kuka, wasu ɗalibai 'yan Damagaram suka taya ni muka cinye tas. Ka yi mata godiya.

Na karanta takardarka sau ba adadi. Layi ɗaya ne ya tsaya mini a rai, inda ka ce na wuce saninka. Baffa, tun ina shekara bakwai da mahaifina ya rasu kai ka ɗauke ni, kai ka fara sa mini sifana a hannu. Ban taɓa kawo maka inji ka ce ba ka sani ba. Ko ba ka sani ba sai ka ce a kawo shayi mu zauna mu duba. In fushi kake yi don na ambaci shekara uku, ka faɗa mini kai tsaye, ya fi mini wannan baƙar maganar. Ko kana ganin na zama mai girman kai ne don na taka jirgi? Wallahi ban canja ba.

Injiniyoyin na tambaye su. Ɗaya ya ce a ƙara girman gwangwani, to ina wurin sa shi, kuma man da ya bar inji ai ya bar shi, kafin awa shida tukunya ta bushe. Ɗayan ya ce a sake ringi. Mun sake, sabbi dal, abin ya ragu kaɗan ya dawo.

Sai na yi abin kunya. Da na rasa dabara, na tuna yadda masu gyaran bakin titi suke cusa tsohon fulogi a tiyon numfashi in mota tana feshin mai. Na san ka sha zagin masu yin haka. Ban toshe duka ba, na dai matse bakin tiyon ya zama ƙarami. Awa ɗaya da rabi muna gwaji a fili, gwangwani a bushe, har na fara murna. Ashe numfashin da ya rasa hanya yana can yana neman wata. Ya fasa robar bayan inji, mai ya zubo a kan salansa mai zafi, wuta ta tashi. An kashe ta da wuri, direban ya fita lafiya. Laoban bai yi faɗa ba, ya dube ni kawai ya ce saura wata shida. Da ma zagina ya yi.

Don girman Allah ka sake duba zanen nan. In kuma laifi na yi maka, ka yafe mini.

Ɗanka,
Umar Faruƙ

Guangzhou, 2 ga Agusta

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan damina ta sauka lafiya, ina fatan rufin rumfa bai yoyo.

Hajiya Saude ta iso shekaranjiya. Na bar aiki na hau jirgin ƙasa na same ta a Canaan tana cinikin dogayen riguna. Ta miƙo mini ƙullin Inna. Na tsaya ina jira, ita ma ta tsaya tana kallona, sannan ta ce babu takarda. Ta ce ta je gareji har sau biyu kafin ta taso, ka ce mata ba ka da abin faɗa. Na fito na zauna a bakin matakala cikin masu ɗaurin kaya, na daɗe ban iya tashi ba.

Na kira Inna, ta ce lafiyarka lau, kana cin abinci, amma ka rage magana. Ta ce in ta kawo zancena sai ka nuna kunnenka.

Ba zan ƙara tambayarka maganar mota ba. Ta cika ko kada ta cika. Layi biyu kawai nake roƙo da rubutun hannunka, in san ban fita daga ranka ba. Garin nan mutum miliyan nawa ne, amma ba wanda ya san ni ina yaro.

Ɗanka,
Umar Faruƙ

Kano, 6 ga Satumba

Faruƙu, ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi albarka, rumfa tana yoyo a inda ta saba. Ya hannunka?

Kada ka yi mamaki. Hajiya Saude ce ta shigo gareji ko zama ba ta yi ba, ta kama kunnena mai ɗan saura ta zuba mini magana a ciki. Ta ce da ka miƙa hannu karɓar ƙulli ta ga tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Kai ka rubuta mini direba ya fita lafiya, ka ɓoye wanda ya kashe wutar. Ban ga laifinka ba, a wurina ka koyi ɓoyo.

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardarka ta farko, kafin shayina ya huce na ga ciwon motarka a zanen. Na gani sarai. Sai na juya takardar na sake karanta maganar shekara uku, na lissafa shekaruna, na ninke ta na sa a aljihu. Na ce in na yi shiru motar za ta cika gwangwaninta, su sallame ka, ka dawo mini a Nuwamba. Ba fushi ba ne, ba baƙar magana ba ce. Son kai ne irin na tsoho, kuma shi ya ƙona maka hannu. Kwana uku ban iya kallon Innarka ba. Ka yafe mini.

Yanzu buɗe kunnenka, kai da kake da shi. Tiyon da ka mayar jikin inji, a sama da mai ka shigar da shi. Numfashi ya samu ƙofa ta biyu, yana hawowa ta nan yana tura man da ke son sauka. Ka kai bakin tiyon can ƙasan tukunya, ya nutse cikin mai ko da mota ta kwanta a kwana. In bakinsa yana cikin mai, hayaƙi ba ya hawa, mai kuwa zai sauka abinsa. Haka na yi wa wata tirela mai turbo da ke zuwa Legas tana yi wa kanta wanka da baƙin mai, da gwangwanin madarar gari na yi, ta shekara shida a haka.

Gwangwanin kuma kada ka bar shi fayau. Ka cika shi da soson ƙarfe irin na wanke tukunya, mai kauri wanda ba ya tsatsa, ba mai laushin nan da ke zubar da gashi ba, ka tare shi da raga sama da ƙasa. Feshin ya shiga ta gefe, ya daki soso, mai ya kama ya gangara, iska ta fita ta sama. Ka ɗaga shi sama da inji, kusa da ɗumi, don garinku mai damshi ne, in ya yi sanyi ruwa zai haɗu da mai ya zama kamar kindirmo ya toshe hanya. Tiyon numfashi kuwa ƙara masa faɗi za ka yi. Fulogi! Ni Shitu na raini mai matse tiyo? Da kana kusa da ka sha rankwashi.

Na sa Innarka ta sayo soso guda shida a kasuwa, suna cikin ƙullin. Na san a can ake yin su, su dai sun je ganin gida ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka fara gwaji yanzu.

In motar ta gama, ka sa hannu a takardar mutumin. Ban koya maka aiki don ka tsufa kana canja wa akori-kura ringi ba. Wannan umarni ne.

Baffanka,
Shitu

Guangzhou, 24 ga Nuwamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Hannu ya warke, tabo ne kawai. Sanyi ya fara shigowa kaɗan-kaɗan.

Ba zan yi maka ƙarya ba, da na karanta takardarka na yi fushi yini guda. Washegari na sake karantawa, sai kuka ya zo mini, a gaban injin, har abokan aikina suka ba ni wuri. Ashe duk watannin da nake zaton ka fitar da ni daga ranka, riƙe ni kake yi. Babu abin yafewa, Baffa, amma tunda ka roƙa, na yafe duniya da lahira.

Na kai zanenka wurin wani mai walda ya ƙera mini gwangwanin da alminiyam. Ranar da na fito da soson Inna, injiniyan nan mai son sabon ringi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaya ko miya za mu dafa. Muka yi gwajin awa uku. Tsohon gwangwanin mun bar shi a bayan naka saboda doka, injiniyan ya buɗe shi da kansa, ya leƙa, ya girgiza, ya sake leƙawa. Tun daga ranar in zai ambace ka sai ya ce babban malami na Kano. Na ce masa a garinmu da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar tsere mota ashirin da shida suka tashi ƙarfe goma na safe. Da awa ta huɗu ta gabato, lokacin da aka fitar da mu bara, na kasa kallon titi, na koma bayan tayoyi ina ta salati. Ta wuce. Awa ta biyar aka yi yayyafi, ta shida wata mota ta fita da hayaƙi, ba tamu ba. Ƙarfe shida na yamma tamu ta tsallaka layi, ita ce ta bakwai. Na kwance tsohon gwangwanin na juye a kofin shayi, bai kai rabi ba. Kafin a kashe injin na buɗe bakin zuba mai na ɗora tafina kamar yadda kake yi. Numfashinta a kwance yake, Baffa. Da ma hannunka ne a wurin.

Laoban ya kawo takardar bayan kwana biyu. Na riƙe biro na daɗe, har ya tambaya ko akwai abin da bai yi mini ba. Na sa hannu. Ya yarda in zo gida wata guda duk shekara, amma ba kafin ƙarshen tseren baɗi ba, wato sai Disamban baɗi. Kowa yana yi mini barka, ni kuwa tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

Na sa an buga sunanka a jikin gwangwanin da ƙarfe. Kada a sare reshen darbejiya. Rigata kuma a bar ta a ƙusarta.

Ɗanka,
Umar Faruƙ

Kano, 19 ga Disamba

Faruƙu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na sa an karanta takardarka da ƙarfi a wurin mai shayi, ni ban ji ba amma na ga fuskokinsu. Na bakwai cikin ashirin da shida, da soson Hindu! Tun ranar ba ta taka ƙasa yadda ta saba. Ka yi daidai da ka sa hannu, Allah ya yi maka albarka. Ƙafa tana nan, na daina sauka rami, ba don sun hana ni ba.

Reshe yana nan. Riga ce aka samu matsala. Da Innarka ta ji sai baɗi, ta aiko aka ɗauke ta ba da sanina ba, wai ƙura za ta cinye ta. Ta wanke ta fes, ta goge, ta dawo da ita tana jiran godiya. Kwana biyu ina faɗa, ita ba ta san dalili ba, ni kuma na ji kunyar faɗa mata. Kai zan gaya wa. Shekara biyu, kullum in na buɗe gareji sai na tsaya wurin ƙusar nan na sunsuna ta kafin in taɓa komai. Kunne ya tafi, ido yana haramar binsa, hanci ne ya rage mini. Yanzu ƙamshin sabulu kawai take yi.

Hajiya Saude za ta taso bayan sati uku. Ka ba ta ɗaya daga cikin rigunan aikinka, wadda ka yini a ciki. Ka ƙulle ta a leda da kyau. Kada ka wanke.

Baffanka,
Shitu